Farin Zare a Ƙusa ta Farko

Shekara arba'in da uku da aurensu, amma babu safiyar da Tela da matarsa ba su yi gardama a kan mabuɗin shago ba. Shi ya ce yana aljihunsa, ita ta ce yana wuyanta. Kuma kullum a wuyan nata yake, rataye da wata tsohuwar igiyar takalmi. Ita ke murɗa mabuɗin, shi ke bangaje ƙofar da kafaɗa, don ƙofar ta kumbura tun wata damina ta ƙi saɓewa. Daga nan su shiga, yana mita, tana mayar masa.

Shagon ba wani babba ba ne. Keken ɗinki biyu, ɗaya ya daɗe da yin ritaya har ya zama mazaunin kofin shayi. Teburin yanka a tsakiya, dutsen guga a lungu, sai bangon da ke dama da kujerar Tela, wanda aka jera wa ƙusa bakwai, kowacce da zarenta a soke.

Sufeto yake kiran matar, saboda ba rigar da ke fita daga shagon sai ta juya ta ciki da waje ta bi ɗinkin da ido. Sunan ya bi ta har unguwa ta ɗauka. Ita kuwa Tsoho take ce masa, tun ma kafin ya tsufa.

To, ga abin da unguwa ba ta sani ba. Shekara uku ke nan idon Tela yana janyewa. Yana rarrabe haske da duhu, yana ganin mutum a tsaye, amma fuska da launi sai dishi-dishi. Bai taɓa faɗa mata ba, ita ma ba ta taɓa tambayarsa ba. Wata safiya dai ta tashi ta jera zaren nan a ƙusoshi: fari a ta farko, baƙi a ta biyu, shuɗi a ta uku, haka har ta bakwai, ba ta kuma sake sauya musu wuri ba. Ya miƙa hannu ya lalubo, ya gane, ya yi shiru. Ita kuma nata hannun ya soma rawa, rawar da ba kiɗa. Ba ta iya riƙe almakashi ya tafi a miƙe. Saboda haka in za a zura zare a allura, sai ta ɗora haɓarta kusa da kafaɗarsa, shi yana riƙe da bakin zaren, tana raɗa masa: hagu, kaɗan, sama, tura. Mai Aski, maƙwabcinsu na jikin bango, yakan leƙo ya ce shi dai bai taɓa ganin tsofaffi marasa kunya irin waɗannan ba, da sassafe ana ƙus-ƙus a kunne kamar sabbin aure. Sufeto ta ce masa ya je ya yi wa matarsa ko sau ɗaya ya ga in ba ta ƙara masa nama a miya ba.

Makon da nake ba ku labari, aiki ya sha musu kai. Wata matashiya za ta buɗe gidan abinci a bakin titinsu ranar Asabar, ta kawo ɗinkin rigunan masu girki da masu rabon abinci, guda talatin da shida, farare fat. An riga an yanka an haɗa jikinsu. Saura wuya, aljihu, kalmasa, maɓalli da guga, wato ainihin wurin da ido ke sauka.

Ranar Litinin da la'asar sai ga Auta, ƙaramar 'yarsu, ta biyo daga asibitin da take aikin nas, ko kayan aikin ba ta cire ba. Ta gaida uban, ta ce tana son ganin Mama a gida. Gidan ɗaki biyu ne a ƙarshen layi. Suna shiga Auta ta zauna a bakin gado ta haɗa gwiwoyi, irin zaman da take yi tun tana yarinya in ta fasa wani abu.

Ta ce makon jiya ta haɗu da Baba a hanya, gaba da gaba, ya ratse ya ba ta wuri ya wuce kamar baƙuwa. Ta ce sun yi magana da Yaya, babban wansu da ke wani gari mai nisa, sun yanke shawara. Ranar Lahadi zai zo da mota. Baba zai koma wurinsa, don akwai asibitin ido kusa da shi. Sai dai gidan Yaya ya cika da yara, ɗan ƙaramin ɗaki ɗaya ne ya rage mai gadon mutum guda, saboda haka Mama za ta dawo wurinta. Shago kuma a rufe shi. Na ɗan lokaci ne kawai, in ji ta.

Sufeto ta san irin wannan ɗan lokacin. Yayarta ma da ɗan lokaci aka ɗauke ta, yau shekara shida, mijin yana wani gari tana wani, sai dai a kara musu waya a kunne su yi ta tambayar juna ko an ci abinci.

"Kun gama rabon?" ta tambaya.

"Mama, ba rabo ba ne."

"Wannan ya ɗauki uba, wannan ta ɗauki uwa. Keken fa, wa ya samu? Ko shi ma ƙafa gidan wani, kai gidan wani?"

Auta ta ce ita dai roƙonta Mama ta lallaɓa Baba ta shirya shi kafin Lahadi. Sufeto ta miƙe ta gyara ɗankwalinta, ta ce riga talatin da shida na jiranta, ba ta da lokacin lallaɓa kowa. Ta fita ta bar yarinyar zaune a bakin gado.

Ba ta faɗa wa Tela komai ba. Talata suka wuni suna aiki kamar masu fushi da juna, alhali ba da juna suke fushi ba. Shi yana taka keke, ita tana miƙa masa gefen yadi tana cewa ya karkace ko ya daidaita. Ya ce shayinta ruwan wanke kofi ne. Ta ce mai ɗanɗano ai ya mutu tun da haƙora suka zube. Da rana ta yi sanyi sun gama sha huɗu. Tana ninke su sai ya ce, ba tare da ya juyo ba, wai yaran nan suna zaton in ido ya yi rauni kunne ma bin sa yake yi, Auta ta tsaya a bakin ƙofar nan tana waya da wanta kamar shi buhun tsumma ne. Sufeto ta dakata da ninkin. Ta jira ya ƙara wani abu. Bai ƙara ba, sai cewa ya yi ta duba masa ko man keke ya ƙare.

Laraba da safe suka ga maɓallan ba za su kai ba, kuma irinsu sai babbar kasuwa. Kafin ta fita ta sa suka zura zare, ta jera masa rigunan da zai yi a hagunsa, ta ja masa kunne kada ya taɓa dutsen guga. Ya ce ta tafi, ai ba yau aka yaye shi ba.

Ashe ranar hutun Auta ce. Ta iso bayan uwar ta fita, ta tarar uban zai leƙa wurin Mai Aski a rage masa gemu. Yarinya mai son tsafta, ga kuma nauyin zuciya na abin da suka ƙulla, sai ta rasa me za ta yi musu ta ji sanyi. Ta ɗauki tsintsiya ta share shagon tas. Ta goge teburi. Ta dubi bangon nan ta ga zare duk ƙura, an jera shi ba tsari, baƙi kusa da fari kamar an watsa. Ta zare su duka, ta kakkaɓe, ta mayar yadda ya yi mata kyau a ido. Daga nan ta wuce gidan don ta yi musu wanki da girki.

Tela ya dawo da gemu a gyare, ya zauna. Bai yi nisa ba zaren kan keke ya zo ƙarshe. Yana da dabararsa ta ranar da Sufeto ba ta nan. Kafin wutsiyar zaren ta kuɓuce sai ya miƙa hannu ƙusa ta farko, ya ƙulla sabo a jikin tsohon da wani ɗan ƙulli da shi kaɗai ya iya, ya ja a hankali har ya ratsa kafar allura. Haka ya yi. Ya nannaɗe kwarkwaron zaren ƙasan keke da shi, ya ci gaba da taka keke yana 'yar waƙarsa ta cikin hanci. Ranar hannunsa ya yi daɗi. Yana so matar nan ta dawo ta ga abin da zai rufe mata baki, ya rufe wa 'ya'yanta ma.

Cunkoson motoci ya riƙe Sufeto har bayan azahar. A bakin shago suka yi kiciɓis da Auta, ɗauke da kwanon abinci. Suka shiga tare. Riga goma sha ɗaya a rataye a igiya, reras. Ɗinki miƙaƙƙe kamar an ja da ma'auni, a wuya, a aljihu, a kalmasa. Kuma kowane layi da zare ruwan hoda.

"Sufeto, zo ki yi aikinki," in ji Tela, yana jingine da kujera. "Sha ɗaya. In kin samu karkace ko ɗaya, na yafe shayin gobe."

Ba ta dubi rigunan sau biyu ba. Bango ta duba. Ruwan hoda a ƙusa ta farko, farin yana can ta biyar.

Auta ta ajiye kwanon a hankali. Ta ciro riga ɗaya ta ɗora a cinyar uban, ta kama yatsansa ta aza a kan ɗinkin aljihu. Ta ce, "Baba, wane launi ne wannan zaren?"

Ya shafa. Ya ɗaga rigar wajen hasken ƙofa, ya kawo ta har kusa da hancinsa.

"Fari," ya ce. Da ya ji shirun ya yi yawa, sai ya ce, "Ko ba fari ba ne?"

Shekara uku Sufeto tana tsare wannan tambayar kada ta shigo shagon, yau ga ta ta shigo da ƙafar 'yarta.

"Wa ya taɓa min ƙusoshi?"

Auta ta ce ita ce, gyarawa kawai ta yi. Sufeto ta ce ai kuwa ta gyara. Ta faɗa mata fari a ta farko yake, baƙi a ta biyu, shekara uku ba su taɓa gusawa ba, kuma shekara uku mutumin nan bai taɓa ɓata rigar kowa ba sai yau da aka zo taimakonsa. Hawaye suka zubo wa Auta, amma ba ta ja da baya ba. Ta ce ta yi kuskure, ta amsa. Sai dai ai maganarta ke nan. Mutumin da rayuwarsa ta rataya a ƙusa bakwai, in yau zare ne, gobe fa? In mota ce a titi?

Ran Sufeto ya ɓaci irin ɓacin da ke sa mutum ya manta da kansa. Ta fizge rigar, ta ɗauki reza a teburi, ta ce ɗinki ne, farke shi za a yi, ba mutuwa aka yi ba. Ta sa bakin rezar a ƙarƙashin zaren aljihu. Hannun ya yi abin da ya saba. Rezar ta zame ta tsarge gaban rigar, tsawon yatsa.

Auta ta matso ta kama wuyan hannun uwar, ba kamun 'ya ba, kamun nas. Ta miƙar da shi a iska ta saki. Yatsun suka yi ta kaɗawa a gabansu, ba wurin ɓoyewa.

"Mama, tun yaushe?"

Sufeto ta buɗe baki za ta ce gajiyar kasuwa ce. Tela ya riga ta.

"Shekara biyu da wata huɗu," ya ce. "Tun ranar da kofi ya fara yi wa faranti surutu in ta kawo min shayi. Me ya sa kike zaton na ce na fi son shayina a ƙasa, ba a faranti ba?"

Sufeto ta juya ta dube shi. Duk zamanta tana ganin ita ce ke rufa masa asiri, ashe shi ma yana riƙe da nata mayafin ta ɗaya gefen. Almakashin da ya ce wai ya yi mata nauyi, ya karɓe. Jakar kasuwa da ya ce shi zai riƙa ɗauka don ya motsa jini. Don kada ta yi kuka, sai ta ce masa tsohon munafuki. Ya ce a wurinta ya koya.

Auta ta share fuska ta ce yanzu magana ta ƙare, su biyun duka ba lafiya. Za ta kira mai gidan abincin ta ba ta haƙuri, a kai sauran aikin wurin wani tela.

"Ajiye wayar nan," in ji Sufeto. Ba ta ɗaga murya ba. "Kin ga idonsa shi kaɗai. Kin ga hannuna shi kaɗai. Kin iya aikinki, ba ƙarya kika gani ba. Amma ba ki taɓa zama kin gan mu tare ba. Gobe in kin tashi aiki ki zo ki zauna a kujerar can. Kada ki taɓa komai. Ki yi kallo."

Da hannunta mai rawa ta mayar da zaren ƙusoshinsu, ɗaya bayan ɗaya.

Alhamis da hantsi mai gidan abincin ta biyo ta ga inda aka kwana. Ta ga rigunan a igiya ta yi turus. Yarinya ce mai kirki. Ta dubi tsofaffin nan, ta dubi zaren, ta ce ai ma ya yi kyau, kamar ado, a bar su haka, masu rabon abinci sa sa. Tela ya ɗan gyara zama, da alama tayin ya shige shi. Sufeto kuwa ta ga tausayin a idon yarinyar, ta kuma san in ta karɓa, ranar Lahadi da shi za a kafa mata hujja: ai ma don an ji tausayinku ne.

Ta tambaye ta wane launi ta ce ran da ta kawo aikin. Yarinyar ta ce fari. Sufeto ta ce to fari za ta karɓa ranar Asabar kafin ta ɗora tukunya, ta je ta ji da nata aikin.

Da ta fita Tela ya ce wannan taurin kai nata wata rana sai ya kashe su. Ta ce shekara arba'in da uku yana faɗin haka, ga shi nan daram yana cin abinci sau uku.

Suka zauna a benci ɗaya a bakin ƙofa inda haske ya fi yawa. Rezar a hannunsa. Ita ta ɗora tafinta a bayan hannunsa, don in hannun nata ya samu abin jingina rawar takan lafa. Yana bin layin ɗinkin da farcen babban yatsa, tana raɗa masa: nan, tsallake, tsaya, yanke. Ya yanke, ya ja, zaren ya biyo dogo. Riga ta farko ta ci musu kusan awa guda. Ta uku ba ta kai rabin haka ba. Can sai ma maganar ta ragu, ɗan matsa hannu kawai take yi ya gane.

Haka Auta ta same su. Ta zauna a kujerar da aka nuna mata, jaka a cinya. Ta ga uban ya shimfiɗa ragowar yadi, ya ɗora kwalin da yake fitar da gaban riga da shi, uwar ta ce ya karkata ta ƙasa, ya gyara, ya zagaye da alli, ya yanka sabon gaba na rigar da aka tsarge, almakashi na tafiya sumul. Ta ga an zura zare da ƙus-ƙus ɗin nan. Mai Aski ya leƙo ya ce wa Auta ta ga abin da yake fama da shi kullum, a gaban 'ya ma ba su fasa ba. Auta ta yi dariya, dariyar ta ƙare da jan hanci.

Ta yi awa biyu ba ta taɓa komai ba. Da ta kasa daurewa sai ta tambaya, cikin ladabi, ko an yarda ta tsince guntayen zaren da suka maƙale. Sufeto ta yi kamar tana nazari, sannan ta ce an yarda, amma bango haramun ne.

Juma'a ce ranar wuya. Riga ashirin da biyu a gaban keke, ga maɓalli, ga guga. Tun buɗe ƙofa Tela ke takawa. Wajen azahar ƙafarsa ta riƙe, Sufeto ta durƙusa ta murza masa da man zafi tana faɗa wai ƙafa kamar icen girki. Ita ma bayanta ya ƙage don sunkuyo, ba ta faɗa ba, amma ta ji ya tura mata matashin kujerarsa da gwiwar hannu. Abinci a tsaye suka ci. Sau biyu suka yi faɗa na gaske, ɗaya a kan aljihun da ta ce ya hau sama, ya rantse bai hau ba, ta sa ya farke. Da Auta ta zo, uwar ta tura mata gwangwanin maɓalli da allura ta ce wadda ta iya ɗinke mutum ai maɓalli ba zai gagare ta ba. Guga ma ita aka ba, Sufeto na tsaye a kanta. Ta mayar mata da riga huɗu ta sake. Auta ta ce yanzu ta gane inda sunan ya samo asali.

Rana na shirin faɗuwa Tela ya ɗaga ƙafa daga keke. Sufeto ta juya riga ta talatin da shida ciki da waje, ta bi ta da ido tun daga wuya har kalmasa. Ta ninke ta ba ta ce komai ba. A shagon nan wannan shi ne yabo.

Asabar da safe suka kai kayan da kansu. Shi ya ɗauki ƙunshin a kafaɗa, ita ta saƙala hannu a gwiwar hannunsa. Mai kallo zai ce tsoho ne ke tallafe da matarsa, ko kuwa tsohuwa ce ke jan mijinta, duk wanda ya faɗa bai yi ƙarya ba. A hanyar dawowa suka tsaya a tsallaken titi. Ta ba shi labarin ma'aikatan suna fitowa ɗaya-ɗaya cikin farare, har da wani mai tumbi da maɓallinsa ke neman agaji. Tela ya ce shi ya faɗa a ƙara masa inci biyu, wata ta hana.

Daga nan ba gida ta nufa ba. Shagon Mai Aski ta shiga. Shekara guda yana roƙon a ɗinka masa labule da mayafan da yake yafa wa masu aski, tana ce masa ba lokaci. Ta ce ya kawo yadinsa yau, ya zo ya karɓa nan da kwana goma.

Lahadi Yaya ya iso da hantsi. Ya je gida bai same su ba, sai a shago, ranar da ba su saba buɗewa ba. Yadin Mai Aski a shimfiɗe a teburi, Auta na riƙe da bakin tef ɗin awo. A bakin ƙofa kuwa jaka biyu, ɗaure tsaf.

Ya durƙusa ya gaishe su. Ganin jakunkunan ya sa ya saki ajiyar zuciya, ya ce ya ji daɗi da ba a wahalar da juna ba. Ta Baba a sa a mota, ta Mama kuma Auta ta wuce da ita.

Sufeto ta ce duka biyun mota za su shiga.

Ta faɗa masa dalla-dalla, kamar tana ba da awo. Asibiti za su, ba ta ƙi ba, ta ma yi wauta da ba su je tun tuni ba. A duba idon ubansa, a duba hannunta. Abin da likita ya ce a sha za su sha, abin da ya ce a yi za a yi. Amma tare za su, tare za su dawo, kuma kafin kwana goma, don akwai labulen mutane a kansu. In likita ya ce a koma, sa koma, su biyu.

Yaya ya ce Mama ba ta gane ba, ɗakin ƙarami ne, gadon na mutum ɗaya.

"Ɗakin da aka haife ka a ciki," in ji ta, "in ubanka ya miƙe ƙafa sai ta leƙa waje. A cikinsa muka yi shekara biyar, da kai da keken nan. Ka shimfiɗa min katifa a ƙasa."

"Ni zan kwana a ƙasan," in ji Tela.

"Kai da wannan ƙafar? Wa zai ɗaga ka?"

Yaya ya juya wajen ƙanwarsa, yana jiran ta kama masa kamar yadda suka shirya a waya. Auta ba ta ɗago ba. Tana nannaɗe tef a yatsa ta ce, "Yaya, ka rage kayan da ke kujerar baya. Mutum biyu ne."

Ya daɗe a tsaye yana duban su ukun. Ya fara wata magana a kan hankali da lafiya, ya ga ba mai musa masa kuma ba mai motsawa, maganar ta mutu a bakinsa. Ya sunkuya ya ɗauki jakunkunan, ɗaya a kowane hannu.

Sufeto ta lulluɓe keken da zanensa. Ta tsaya gaban bango ta ƙirga ƙusoshin da ido, daga fari har na bakwai. Suka fito, Tela ya ja ƙofar da ƙarfi har ta shiga gurbinta, ita ta dafe hannunta da ɗayan ta murɗa mabuɗi.

Yaya ya dawo daga mota ya miƙo tafi. Ya ce Mama ta kawo ya ajiye mata, kada ya ɓace a hanya.

Ta dubi tafin nasa, ta dubi fuskarsa. Ta rataya igiyar a wuya, ta zura mabuɗin cikin riga, ta danna shi da yatsa.

"Bar ta kawai," in ji Tela, yana lalubo gwiwar hannunta. "Ai ma yana aljihuna."